Wankan Jego a Gindin Kogin Ƙanƙara

Tun da na dawo ƙofar gidana ba ta huta ba. Mace za ta shigo sayen ƙanƙara, sai ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna, abin da ta saya yana narkewa a leda tana cewa, "Hajiya Rabi, wai da gaske ne abin da ake faɗa?" Na faɗa har bakina ya gaji. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda labarin ke ƙara ƙiba a hanya. A wani suna a Wurno na ji da kunnena ana cewa ƙanƙara ta binne ni, sai da aka tono ni da shebur. To ga yadda aka yi, kowa ya ji daga bakin mai shi.

Ga wanda bai san ni ba, ni 'yar Dingaya ce ta ƙasar Gwaram, aure ya kawo ni Birnin Kudu. Tun rasuwar mai gidan nake sana'ar ƙanƙara da zoɓo, rabin rayuwata ta tafi a faɗa da masu wuta da mai gyaran janareta. Autana Habibu ya sami tallafin karatu ya tafi Pakistan koyon aikin injiniyan ruwa. Da ya gama, maimakon ya dawo, sai ya kama aiki can ƙuryar arewacin ƙasar, cikin duwatsu, ya kuma auri 'yar wurin mai suna Zahra. A waya aka ɗaura auren muna kallo, hoton yana tsayawa yana tafiya. Na haɗiye. Da aka ce ta haihu, mace, an kuma sa mata sunana, sai na ce haɗiya ta ƙare. Zan je in yi wa yarinya wankan jego yadda ake yi wa 'yan adam, sannan in tattaro su ukun in dawo da su gida. Wannan na biyun ban faɗa wa kowa ba.

Ƙanena Iro na Kwandiko shi aka ba ni ɗan rakiya. Iro makiyayi ne, bai taɓa wuce Kano ba, kuma tun da uwarmu ta haife shi bai yi shiru ba. Idan babu mutum kusa, da shanu yake hira.

Jirgin sama ba ni da abin cewa a kansa, na je Makka na san shi. Iro ne ya ƙi ɗaura bel, wai shi ba akuya ba ne. Rigimar gaske sai da muka sauka Islamabad. Wani jami'in kwastan mai gashin baki kamar ƙahon rago ya zuge jakata, warin daddawa ya yi masa sallama, ya ja da baya yana salati. Ya daure ya ci gaba da tono har ya kai ga kanwar da na ƙunso don kunun mai jego. Ya ɗaga farin dunƙulen, ya dube shi, ya dube ni. Kafin ka ce me, sun zama su huɗu, har da kare.

"Iro, yi musu bayani," na ce.

"Da wane bakin, Yaya?"

Amma ya yi. Ya ɓalli kanwar ya lasa, ya sa yatsu biyu a ka kamar ƙaho, ya yi kukan saniya, ya sake lasa, ya shafa ciki. Karen ya koma bayan mai shi. Babbansu ya yi dariya har hularsa ta goce, ya mayar mini da kanwata. Kilishi da man shanu dai sun tafi, Allah Ya sa su ci da lafiya.

A waje muka tarar da Habibu, ya rame, ya tara gemu, ya kifa wata hular ulu kamar fanke. Na yi niyyar in ɗaure fuska, hawaye suka ci amanata. Ya ce da ƙaramin jirgi za mu ƙarasa, amma gajimare ya rufe duwatsu, jirgi ba ya tashi sai matuƙi yana ganin gabansa. Muka jira, muka gaji, muka hau bas.

Jama'a, duk wanda ya sake zagin hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram a gabana, ni da shi ne. Ramukanmu iyakarsu su fasa maka taya. Can an sassaƙe hanya ne a haƙarƙarin dutse, dama bango har sama, hagu babu komai sai iska, can ƙasa kuma kogi yana tafasa. Direban da hannu ɗaya yake tuƙi, ɗayan yana gyara gashi a madubi. Manyan motocinsu an yi musu ado da sarƙoƙi da madubai da furanni kamar ɗakin amarya, idan biyu suka haɗu a kwana sai su shinshini juna su wuce. Na karance duk abin da na haddace, na koma farko.

A wani wuri muka tarar dutse ya zazzago ya toshe hanya. Na zaci za a yi ta ihu ana zagin gwamnati yadda muka saba. Ina! Kowa ya sauko, aka shimfiɗa barguna, wani ya fito da risho ya ɗora shayi. Wata tsohuwa ta cika mini hannu da busassun 'ya'yan itace masu zaƙi da ɗan tsami, suna ce musu chuli, ta yi ta ba ni labari da yarenta ina ba ta amsa da Hausa. Mun fahimci juna sarai: ita ma surukarta ba ta iya komai ba. Da katafila ta buɗe hanya muka ƙarasa wani masauki, gadajen igiya a jere, aka kawo gurasa da wake mai barkonon da sai da Iro ya cire hula. Da safe ya ce kuɗin cizon ƙasar ma sun fi namu ladabi, sai ka yi barci suke farawa.

Ruwan kogin nan ya dame ni, launinsa kamar an dama siminti. Na tambayi Habibu wa ke wanke buhu a sama.

"Garin dutse ne, Inna. Ƙanƙara ce ke niƙa shi."

"Ƙanƙara? Ni za ka gaya wa ƙanƙara? Abin da daga gidana zuwa tasha ba ya kai labari?"

"Za ki gani," ya ce.

Daga babban garin yankin, Skardu, muka canza zuwa wata tsohuwar jif, muka haye gadar katako da aka rataye da wayoyi tana lilo, sai ga ƙauyen surukaina: ɗan kore shar a tsakiyar duwatsu tsirara, kamar an yar da sallaya a kan tsakuwa. Zahra ta fito bakin ƙofa da jaririya, fara sol, kyakkyawa, ta durƙusa har ƙasa yadda aka koya mata, ta buɗe baki ta ce, "Sannu da hanya, mutumina! Ya garin? Ka sha wuya, wallahi!"

Na juya neman Habibu, ya ɓuya bayan jif. Hausar majalisar bakin tasha ya koya wa 'yar mutane. Na karɓi takwarata, wadda suke kira Ummi, na ga hancin gidanmu ne sak a fuskarta, na ce to, aƙalla ba a yi asara duka ba.

Uban Zahra dattijo ne siriri, kowa na ce masa Apo, wato kaka namiji. Uwarta kuma Api, gajeriya, mai faɗin kafaɗa, idonta kamar na mai awo a kasuwa. Suka zaunar da mu a ɗaki mai murhu a tsakiya, aka kawo shayi ruwan hoda. Iro ya yi bisimilla ya kurɓa da yawa, sai na ga idonsa ya fito. Gishiri ne a ciki da man shanu. Na ɗanɗana na ce wannan ai miya ce, kuka kawai ta rasa. Kuma da ka sauke kofi za a sake cikawa. Bayan gidansu kuwa a saman bene yake, rami ne a daɓe, ka gama ka zuba ƙasa, na ƙasan kuma a kwashe a kai gona. Iro ya yaba da wannan ƙwarai, ya ce mu ne wawaye da muke binne arziki.

Washegari Apo ya nuna wajen garke ya ce da Iro, "Zo." Iro ya taso ya zo. Apo ya sake nunawa ya ce, "Zo, zo." Iro ya matsa har suna gogar kafaɗa, ya ce, "To ga ni, Baba, ko goya ni za ka yi?" Ashe sunan dabbarsu ke nan, wata baƙar saniya mai gashi har gwiwa da wutsiya kamar ta doki. Daga ranar Iro ya tare a garke. Da hantsi sai ka jiyo shi yana ba su labarin Kwandiko.

Ni kuma na shiga abin da ya kawo ni. Na sa aka ɗora babbar tukunya, ruwa ya tafasa, babu ganyen darbejiya sai na yanki na wata bishiya mai kama da shi. Api ta shigo ta ga ina shirin fyaɗa wa 'yarta tafasasshen ruwa, ta yi kururuwa ta rungume tukunyar ta baya kamar za a sace. Su a wurinsu mai jego ba ta ko leƙa ruwa, lulluɓe ta ake yi a yi ta ɗura mata wani man shanu da aka binne shekara da shekaru, mai warin da ya sa na yafe wa daddawa. Muka tsaya cirko-cirko, tana yi da yarenta ina yi da nawa, Habibu a tsakiya yana fassara ƙarya. Na ce, "Gaya mata ƙazanta ce." Ya juya ya yi wata doguwar magana, sai na ga Api ta yi murmushi ta dafa ƙirji. Daga baya aka sasanta: wanka sau ɗaya da rana tsaka, kunun kanwa da safe, man Api da yamma. Zahra ta sha duka biyun tana cewa, "Ba komai, mutumina."

Da muka huta, Apo ya ce sai mun je mun gai da mai ba su ruwa, don ƙauyen ba ya samun ruwan sama na kirki, duk abin da suke sha da wanda suke ban ruwa daga ƙanƙarar yake gangarowa. Aka ɗora ni a kan zo, muka kama hawa. Iskar wurin ba ta ƙosarwa, ka ja numfashi ka ji kamar an ba ka rabin mudu.

Habibu ya ce in dubi kwarin da muke ciki. Gindinsa faffaɗa, gefunansa a tsaye, kamar kwamin da ake ba shanu ruwa. Ya ce ruwa idan ya ci ƙasa tsaga yake yi siririya kamar wuƙa, irin zaizayar da ke cin gonaki a wajenmu. Wannan kuwa ƙanƙara ce ta cika kwarin baki da baki a zamanin da, ta kankare shi kamar yadda ake kankare ƙwarya. Ya nuna mini wani falalen dutse mai santsi da zane-zane a jere, duk sun nufi gangare, kamar tsagar gado a kumatu. Ya ce duwatsun da suka maƙale a cikinta ne suka karce shi tana wucewa. Ga kuma wani dutse ya kai girman masallacin unguwarmu, zaune shi kaɗai a fili, launinsa dabam da na maƙwabtansa. Ita ta goyo shi daga can sama, ta gaji, ta sauke.

"To duwatsunmu na Birnin Kudu ma ita ta jera su?" in ji Iro.

"A'a, Kawu. Namu rana da ruwan sama ne suka ci su a hankali."

"Na ce dai. Da ta zo da an sayar da ita."

Na tambayi yadda ƙanƙara ke tafiya ba ƙafa. Habibu ya ce can ƙololuwa dusar ƙanƙara ke zuba, mai laushi kamar auduga, kuma sanyin wurin ba ya barin ta narke duka. Ta bana ta hau kan ta bara, ta baɗi ta hau kan ta bana, na sama yana danne na ƙasa har iska ta fice, audugar ta zama dutse. Idan nauyi ya yi yawa sai ta fara malalowa gangare, kamar tuwo mai ruwa da aka kwashe a faranti aka karkata shi. Ido ba ya ganin tafiyar, amma ka kafa sanda a bayanta, ka dawo wata shekara, sandar ta yi gaba.

Duk wannan bayani ya sa na sa rai zan ga wani abu fari tas mai ƙyalli. Da muka iso sai ga tulin tsakuwa da baƙar ƙasa, kamar inda tifa ta yi shekara tana juye kaya.

"Ina ƙanƙarar?"

"Kina kallonta, Inna."

Na ce amma an cuce ni. Sai Apo ya kama linzamin zo ya zagaya da ni ta gindi. Ƙarƙashin dattin nan bango ne na ƙanƙara ya fi benen asibiti tsawo, da wani kogo a ciki shuɗi kamar an rina shi a marina, ruwa na fitowa daga cikinsa da ruri. Can ciki kana jin tana ƙara, tana nishi kamar tsohuwa za ta tashi daga tabarma. Apo ya ɓallo mini ɗan guntu da gatari. Na sa a baki, ta fi tawa tauri nesa ba kusa ba, tana 'yar tsuwa a kan harshe. Habibu ya ce iskar da ta maƙale ce tun kafin a haifi kakan kakata take fita. Na tsaya ina kallon wannan dukiya, babu mita, babu janareta, babu yaro ɗaya da kula a kusa, tana narkewa a banza tana bin rafi.

Apo ya yi magana, Habibu ya fassara, wannan karon da gaskiya. Wai ƙanƙara akwai namiji akwai mace. Wannan mai datti, mai nawa, mai rowar ruwa, namiji ne. Macen tana wancan kwarin, fara, mai tsabta, ruwanta ba ya yankewa.

Na ce, "Gaya masa ko bai faɗa ba na gane."

Wai har aure suke ɗaura musu. Idan wani ƙauye ya rasa ruwa, da shigowar sanyi sai maza su saro guntun namiji da guntun mace, su ɗauko a kwanduna su hau da su wani kogo mai inuwa can sama, su haɗa su da gawayi da ƙaiƙayi da gorunan ruwa, a yi addu'a a rufe. Bayan shekaru, in an dace, sai su haifi sabuwar ƙanƙara. Habibu ya ce masana na ta gardama a kan ko auren ne ke yi ko inuwar. Iro ya ce shi dai a sa shi cikin 'yan ɗaukar amarya. Apo ya ce sharaɗi biyu ne: kwando ba ya taɓa ƙasa, kuma mai ɗauka ba ya magana har a isa. Iro ya ce to Allah Ya ba da zaman lafiya, shi zai jira walima.

A hanyar dawowa Apo ya tsaya wurin wani dutse can ƙasa sosai, ya ce yana saurayi nan bakin ƙanƙarar yake. Ta ja da baya, ta bar tulin tsakuwar da ta turo a gabanta kamar sharar da aka tara a bakin ƙofa, ruwa kuma ya taru a bayan tulin ya zama tafki. Na leƙa, kore, shiru, ya fi filin idi. A gefensa ga wani ƙarfe da faranti mai shan rana, aikin Habibu ke nan, shi ke auna ruwan ya yi kuka idan ya ga abin da bai gamshe shi ba.

"Me ya riƙe wannan ruwan?" na ce.

"Tsakuwar nan. Da ƙanƙarar da ke cikinta."

"In ta narke fa?"

Ya juya ya hau goge farantin ƙarfensa. A nan na fasa abin da ke cikina. Na ce ya tattara matarsa da 'yarsa mu tafi, Jigawa ma tana da ruwan da za a auna, ban haife shi don ya yi gadin tafkin wasu ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, bari mu yi maganar a gida." Muka sauko, Iro kaɗai ke zuba.

Ba mu samu mun yi maganar ba. Aka shiga wasu kwanaki na zafi, su suna ta fifita suna haki, ni kuwa a lokacin na fara cire suwaita. Ran nan da hantsi Habibu ya hau duba ƙarfensa. Ina tsakar gida ina dama kunu sai jiniyar ƙarfen ta ɗauka, lasifikar masallaci ta biyo baya. Ban san yaren ba amma na san muryar tashin hankali. Mutane suka fito da gudu suka nufi gangaren dutsen da ke bayan ƙauye, wanda aka shafa wa duwatsunsa farin fenti don nuna hanya.

Api ta fito da Ummi a naɗe cikin barguna, ta rungume ta da hannu biyu. Su ma suna ɗaukar yara a baya, amma a kwando, kuma sai yaro ya yi ƙwari. Hawan nan kuwa sai da hannu. Ta taka ta zame, ta sake takawa ta zame, Zahra na kuka tana jan ta. Ban nemi izinin kowa ba. Na fizge yarinyar, na watsar da bargunan, na duƙa na ɗora ta a bayana, na ja zanena na sama na tamke a ƙirji, na cire ɗankwali na yi majanyi na tallafe mata wuya. Api ta buɗe baki za ta yi masifa, ta ga hannuwana biyu a sake, ta rufe. Ta damƙi wuyan hannuna. Wallahi matar nan ƙarfin jaki gare ta. Tana ja na, ina tura Zahra, muna rarrafe, ƙirjina kamar zai tsage.

Muna kaiwa wani tudu sai muka ji shi. Kamar tireloli ɗari sun taso a jere. Wani wari ya riga shi isowa, na jiƙaƙƙiyar ƙasa da ƙonannen dutse. Abin da ya fito daga kwarin ba ruwa ba ne, kwaɓaɓɓen taɓo ne baƙi, duwatsu manya kamar ɗakuna suna tsalle a cikinsa kamar wake a tukunya. Ya shafe gonakin ƙasa. Ya ɗauke injin niƙansu. Bishiyoyin chuli na Apo, waɗanda ubansa ya dasa, suka kwanta ɗaya bayan ɗaya. Gadar nan mai lilo ta yi sama ta dawo babu ita. Ummi kuwa barcinta take yi a bayana, har da minshari.

Aka shiga ƙirga mutane, kowa na kiran nasa. Babu Iro. Babu Habibu. Na zauna a kan dutse. Api ta zauna kusa da ni, ba ta saki hannuna ba. Can sai muka jiyo wata murya daga gefen dutse tana cewa, "Haba 'yan albarka, ku taka a hankali, ke mai farin goshi ban son rashin kunya." Iro ne, ya koro garken ƙauyen gaba ɗaya ta wata hanyar awaki, suna bin sa kamar a Kwandiko aka haife su.

Habibu sai da rana ta karkata ya sauko ta bayan dutse, taɓo har wuya, tafin hannunsa duk a yage. Ashe tun kafin ƙarfen ya yi kuka ya ga tulin yana tsattsafa, ya kira masallaci a waya. Gidaje sun tafi, gonaki sun tafi, amma ba a rasa rai ko ɗaya ba. Na ga tsofaffi masu furfura suna kama kan yaron nan da na yi wa wankan kashi suna sumbatar goshinsa. Shi kuwa idonsa na kaina, yana jiran hukunci.

Gidan su Zahra ya tsira. Da muka sauko, Apo ya je ya tsaya inda gonarsa take, yanzu tsakuwa ce zalla da wani ƙaton dutse a tsakiya. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya duƙa ya ɗauki dutse ɗaya ya kai gefe, ya dawo ya ɗauki wani yana wata magana. Habibu ya ce wai cewa ya yi ƙasar ma da ma ƙanƙarar ce ta kawo ta, kakansa haka ya tsince ta. Iro ya naɗe hannun riga ya bi shi.

Da na sami Habibu shi kaɗai na ce, "Kai, ban ce ka zauna ba. Na dai fasa cewa ka taho. Kada ka haɗa su."

"Na gode, Inna."

"Kuma yaye a Birnin Kudu za a yi shi. Ka gaya wa waccan gajeriyar, kuma ka fassara daidai."

Rashin gada ya sa muka daɗe fiye da yadda aka shirya, har Zahra ta yi arba'in a hannuna, ta yi ɓul-ɓul, ni da Api kowa na cewa aikinsa ne. Ranar tafiya aka kai mu bakin kogi, na ga abin da suka kafa a madadin gada: akwatin katako a rataye da waya, mutum ya zauna a ciki a jawo shi da igiya, ruwa na ruri a ƙasa. Na shiga na rufe ido. Iro da aka jawo shi ya iso, sai da muka ɓamɓare yatsunsa daga jikin akwatin, kuma har muka kai Skardu bai ce komai ba. Na yi ta taɓa goshinsa ko zazzaɓi ne.

Kafin in shiga akwatin na kwance zanen da na yi goyon nan na ba Api, na nuna mata ɗaurin da matashin kai, ta yi ta yi yana zamewa, har na fid da rai. Shekaranjiya ina cikin ɗura zoɓo Zahra ta kira ni a bidiyo. Ta ce, "Inna, tsaya ki gani," don yanzu bakinta ya gyaru. Sai ga Api ta juya mini baya, Ummi a goye ɗaram, ɗaurin ya zauna daidai a ƙirji. Zahra ta karkata wayar. Mata ne a jere a sabuwar gonar Apo suna tsintar duwatsu da hannu bibbiyu, kowacce da ɗa a baya, wata da mayafi, wata da labule, wata da abin da na rantse zanen gado ne. Ta ce yanzu a ƙauyen idan yaro ya dami uwarsa da kuka, sai ka ji ana cewa ta yi masa rabi.

Manya ana sa wa titi sunansu, wasu makaranta, wasu asibiti. Ni ɗaurin zane aka sa wa nawa, a gindin ƙanƙarar da ba ta da ko tsabta. Na karɓa.